Kafin a Ce "Sai Fomat": Yadda Ake Ceto Kwamfuta Mai Windows da Linux a Abuja

Duk wanda ya saba bin titin Aminu Kano Crescent da ke Wuse II ya san hada-hadar Banex Plaza. Tun ba ka gama fitowa daga mota ba matasa sun yi maka caa: "Oga, waya ce ko laftof? Saye ko gyara?" A nan, da Emab Plaza da ke kan titin, ɗimbin mazauna Abuja ke kai kwamfutocinsu idan sun ƙi tashi, kamar yadda mutanen Kano ke nufar Beirut Road, na Legas kuma Computer Village da ke Ikeja.

Allon da ya fashe, batirin da ya kumbura, madannan da shayi ya zube a kai, duk ana ganinsu da ido, a yi ciniki, a canza. Akwai kuwa wata matsala da ido ba ya gani, ita ce ta fi sa mai kwamfuta zufa. Ya danna maɓallin kunnawa, maimakon Windows ta buɗe sai ga baƙin allo da ɗan guntun rubutu, grub rescue>, da wani ɗan layi yana ta ƙyaftawa. Ko kuma saƙo da Turanci cewa ba a sami abin da za a tayar da kwamfutar da shi ba. Alhali a cikinta akwai furojet ɗin kammala digiri, ko lissafin shago na shekaru, ko hotunan biki da ba su da kwafi a ko'ina. Amsar da ya fi ji daga bakin mai gyara, a Abuja ne ko a wani gari, ita ce: "Sai dai a yi fomat."

A galibin lokuta wannan amsa kuskure ce, kuma kuskure mai tsada. Fayilolin suna nan daram a inda suke. Sau da yawa abin da ya lalace ɗan ƙaramin jadawali ne da ke gaya wa kwamfuta inda kowane yanki na faifai ya fara da inda ya ƙare. Fomat ɗin da ake yi da sunan gyara shi ne yake kashe su.

Dalilin da ya sa matasa ke haɗa Windows da Linux

Shekaru goma da suka wuce, ba kowa ne a Abuja ya damu da Linux ba sai ma'aikatan sabobi a bankuna da kamfanonin sadarwa. Yanzu abin ya sauya. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, da Baze, da Nile, da AUST ta Galadimawa, ba sa yin nisa a karatu sai an ce su ɗora Ubuntu, nau'in Linux ɗin da kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fara fitarwa a 2004. Masu koyon tsaron intanet kuma Kali Linux suke nema. Shirin 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a ƙarshen 2023, wanda hukumar NITDA ke gudanarwa da burin horar da mutum miliyan uku, ya ƙara yawan masu wannan buƙata. Sai dai yaron da ke koyon Linux da dare, da safe yana buƙatar Word da Excel da CorelDraw don neman na abinci. Kwamfutar kuwa ɗaya ce. Dole a raba faifan gida biyu.

Ga kuma wani dalili na biyu. Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana da sharuɗɗa: sai kwamfuta mai TPM 2.0, mai tashi ta hanyar UEFI, kuma in Intel ce, mai ƙwaƙwalwa zubi na takwas zuwa sama. Laftof na hannu da suka cika kasuwanninmu, irin su HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470 da ThinkPad T460, zubi na shida ne. Lafiyarsu ƙalau, amma Microsoft ta yi musu ritaya. Masu su da dama sun fara gwada Linux a gefe ba tare da sun saki Windows ba.

Takardar fili da filin kansa

Mazaunin Abuja ba ya buƙatar dogon bayani kan bambancin fili da takardarsa. Tun zamanin da Malam Nasir El-Rufai ke ministan Babban Birnin Tarayya aka kafa hukumar AGIS don adana bayanan filaye. Idan fayil ɗin wani fuloti ya ɓace a ofis, gidan da ke kan fulotin bai rushe ba, mutanen ciki ma suna nan suna barcinsu. Abin da ake buƙata shi ne safiyo ya fita ya nemo duwatsun kan iyaka, a sake rubuta takarda. Wanda ya ce tunda takarda ta ɓata a kawo katafila, kowa ya san ya yi ɓarna. Jadawalin rabon faifai shi ne wannan takarda, fomat kuma shi ne katafila.

Jadawalin iri biyu ne, kuma rabin rigimar daga nan take. Tsohon shi ne MBR, wanda ya zo da PC DOS 2.0 na IBM a 1983. Gaba ɗayansa yana zaune ne a sashen farko na faifai, bayit 512 kacal. Bayit 446 na ɗan umarnin tayar da kwamfuta ne, bayit 64 na jadawalin, biyun ƙarshe kuma hatimi ne. Kowane yanki yana cin bayit 16, shi ya sa manyan yankuna huɗu kaɗai yake ɗauka. Mai son fiye da haka sai ya mai da ɗaya daga cikin huɗun jaka, ya zuba ƙananan yankuna a ciki, kowanne yana nuna inda na gaba yake. Idan ɗaya ya tsinke, na bayansa duk sun ɓace. MBR ba ya iya lissafa faifan da ya wuce kimanin terabayit 2, kuma ba shi da kwafi a ko'ina. Faifai mai ɗaukar dubban littattafai ya dogara ne kacokan a kan bayit 64.

Sabon shi ne GPT, wanda Intel ta faro a ƙarshen shekarun 1990 a matsayin wani ɓangare na tsarin da ya zama UEFI. Yana ɗaukar yankuna 128, yana ajiye jadawali ɗaya a farkon faifai da kwafinsa a can ƙarshe, yana kuma da wata lambar tantancewa da ke tona asiri idan an taɓa shi. A wannan tsari akwai wani ɗan yanki na musamman, galibi megabayit 100 zuwa 'yan ɗaruruwa, inda Windows da Linux kowacce ke ajiye fayilolin tashinta. Ƙanƙantarsa ce ke ja masa, domin mai neman sarari sai ya gan shi ya ɗauka shara ce ya goge.

Ƙa'idar da ya kamata kowane mai gyara ya haddace ita ce: Windows ba ta tashi daga faifan GPT sai ta hanyar UEFI, ba ta kuma tashi daga faifan MBR sai ta tsohuwar hanyar BIOS, wadda ake gani a saitin kwamfuta da sunan Legacy. Duk hanyar da aka bi aka ɗora Windows, ita za a bi a ɗora Linux. Idan aka saɓa, GRUB, wato ɗan menun da ke tambayar wacce za a buɗe, ba zai iya tayar da Windows ba ko da yana ganinta. Sanin hanyar ba wuya: a Windows a buɗe msinfo32 a duba layin BIOS Mode, a Linux kuma a duba ko akwai /sys/firmware/efi. Manhajar Rufus, wadda kusan kowane shago ke haɗa filash da ita, tana da zaɓin MBR ko GPT a fili a fuskarta. Da yawa ba sa kallonsa, sai su danna su wuce.

Inda ake yin tuntuɓe

Wasu hanyoyin lalacewar sun fi yawa a wajenmu saboda irin kwamfutocin da muke saye. Laftof ɗin HP da yawa na zamanin Windows 7 sun zo daga kamfani da yankuna huɗu cif, duk guraben MBR a cike. Mai son buɗa wa Linux wuri ya shiga Disk Management, ya rage C, ya nemi yanki na biyar. Sai Windows ta tambaye shi ko ta mai da faifan dynamic. Ya ce e, don bai ga wata hanya ba. Daga nan manhajar ɗora Ubuntu ba za ta ƙara fahimtar rabon yadda ya kamata ba, komawa baya kuma aiki ne ja.

Akwai faifan da ya taɓa zama GPT a hannun mai shi na farko a Ingila ko Amurka, aka zo nan aka ɗora masa Windows ta hanyar MBR, kwafin tsohon jadawalin kuwa yana nan kwance a ƙarshen faifai. Windows ba ta damu ba. Manhajar ɗora Linux kuwa tana iya ruɗewa ta nuna faifan fayau, kamar babu komai a kai. Wanda ya yarda da abin da ya gani ya ci gaba, ya gama da kansa. Roderick Smith, wanda ya rubuta manhajar gdisk mai gyaran jadawalin GPT, ya yi wata 'yar manhaja mai suna FixParts da ke share wannan ragowar cikin ɗan lokaci.

Sai zaɓin nan na Ubuntu mai cewa a goge faifai a ɗora. Mutane da yawa suna ɗauka C kaɗai ake nufi, tunda sun saba kiran C da D faifai biyu. Ba haka ba ne, galibi C da D yankuna ne na faifai guda, kuma duka za su tafi. Haka nan wanda ya gaji da Linux ya shiga Windows ya goge yankinta, washegari sai ya tarar da grub rescue>, saboda GRUB yana neman sauran jikinsa a wurin da aka share. Kishiyar wannan ita ce sake ɗora Windows bayan Linux, inda Windows ke sa kanta a gaba, menun zaɓi ya ɓace, mai kwamfuta ya zaci Linux ta tafi.

Wuta ma tana da nata kason. Rage girman yanki daga ƙarshensa ba ya ɗaukar lokaci sosai, amma matsar da farkonsa yana nufin kwashe duk abin da ke ciki daga wuri zuwa wuri, aikin da kan ci sa'o'i a kan tsohon faifai mai juyawa. Wanda ya fara wannan a Kubwa ko Lugbe ko Nyanya da laftof mai mataccen batir, ya jingina amanarsa ga wutar da ba ta yi masa alkawari ba. Idan aka ɗauke a tsakiyar aiki, wannan kam ba jadawali kaɗai ya taɓu ba, fayilolin kansu sun rabu biyu. A ganina duk mai gyaran da zai fara irin wannan aiki ba tare da inbata ko batir mai rai ba, bai kamata a ba shi kwamfuta ba.

Wani lokacin kuma jadawalin lafiyarsa lau. A Agustan 2024 wata sabuntawar tsaro ta Microsoft ta hana Linux tashi a kwamfutoci masu manhaja biyu a sassan duniya, ana ganin saƙon da ke ambaton SBAT. Kamfanin ya amsa cewa matsalar daga wajensa take, maganin wucin gadi kuma shi ne kashe Secure Boot a sabunta Linux. Haka ma Fast Startup, da ke kunne tun Windows 8: ba ta kashe kwamfuta gaba ɗaya, tana barin yankin Windows a ɗaure, sai Linux ta ƙi yin rubutu a cikinsa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya buƙatar a taɓa rabon faifai, balle fomat.

A kan teburin mai gyaran kirki

Akwai masu gyara a Abuja da suka san aikinsu, kuma ana gane su tun daga tambayar farko. Ba sa cewa "Wace Windows za a sa maka?" Cewa suke yi, "Me ka yi na ƙarshe kafin ta ƙi tashi? Akwai abin da ba ka da kwafinsa?"

Abu na farko, a daina rubuta komai a kan faifan. Sai a gwada mafi sauƙi: a kunna a danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce ko Lenovo. Sau da yawa Windows Boot Manager da Ubuntu duk suna nan a jere, tsarin wanda zai fara tashi ne kawai ya sauya. In ba su nan, sai a soka filash mai Ubuntu a tayar da kwamfutar daga kansa, a zaɓi gwadawa ba ɗorawa ba. A buɗe GParted, manhajar rabon faifai, a kalli faifan, kallo kawai. Idan yankunan duk sun bayyana, an tabbatar matsalar ta tashi ce, manhajar Boot-Repair ko sake ɗora GRUB ya wadatar. A ɓangaren Windows kuma umarnin bcdboot yana sake rubuta fayilolin tashi, bootrec /fixmbr kuma yana yi wa tsohon tsari.

Idan kuwa GParted ya nuna wani dogon fili mai launin toka a inda yanki yake a da, an zo wurin aikin. A faifan GPT, gdisk yakan faɗa da kansa cewa jadawalin farko ya lalace amma kwafin ƙarshe yana nan. A shiga sashen ceto da harafin r, a ɗauko kwafin, a duba da p a ga ko girman yankunan ya yi daidai da abin da mai kwamfuta ya sani, a tantance da v. Ba abin da zai sauka a kan faifan sai an danna w, don haka akwai damar ja da baya har zuwa wannan lokaci.

Idan jadawalin da kwafinsa duka sun tafi, ko kuma faifan MBR ne, sai TestDisk, wadda Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta, kyauta kuma ake samunta. Fuskarta ba ta da ado, farin rubutu ne a kan baƙin allo. Mai gyara ya zaɓi faifan, ya danna Analyse, ya bi da Quick Search. Manhajar tana bin faifan tana neman alamomin da kowane yanki ke bari a farkonsa, NTFS na Windows, ext4 na Linux. Jim kaɗan sai layuka su fara fitowa. Ya sa alama a kan ɗaya ya danna P. Nan take sunayen manyan fayiloli su jeru: Users, Documents, da wanda mai kwamfuta ya raɗa wa suna da hannunsa. A daidai nan ne mai kaya, da ke tsaye a bayan kujera tun ɗazu, yake sauke ajiyar zuciya ya ce alhamdu lillahi. Mai gyaran kirki ba ya gaggawar danna Write. Sai ya fara kwashe muhimman fayilolin zuwa wani faifai na waje, domin TestDisk kan tono har da tsofaffin yankunan da aka goge shekarun baya, masu hawa kan juna, kuma zaɓen wanda ba shi ba zai ƙara dagula lissafi. Sai an tabbatar kowane yanki ya nuna fayilolinsa sannan a rubuta jadawalin.

Ko umarnin clean na diskpart, wanda ake yawan bugawa idan Windows ta ƙi hawa faifai saboda saɓanin GPT da MBR, jadawalin yake sharewa, don haka TestDisk kan iya maido da yankunan muddin ba a ɗora komai a kai ba. Clean all ne ke bin faifan kaf yana shafewa. Abin takaicin shi ne sau da yawa ba a ma buƙatar ko ɗaya. Tun 2017 Windows 10 take zuwa da mbr2gpt, mai mai da faifai daga MBR zuwa GPT ba tare da goge fayil ba. Garin neman gira ake rasa ido.

Inda dabara ke ƙarewa

Ba kowace kwamfuta ake cetowa ba. Faifan da ke ƙara yana ƙwas-ƙwas, ko yake ɗaukewa yana dawowa, ciwonsa a jiki yake. Irin wannan ba a yi masa dogon bincike, ana fara kwafe shi ne gaba ɗaya zuwa wani faifan da ddrescue, a yi aikin a kan kwafin. SSD kuma, da yanzu kowa ke so saboda sauri, ba shi da haƙurin tsohon faifai. Da zarar an yi masa fomat, tsarin TRIM kan sanar da shi cewa wuraren nan ba a buƙatarsu, shi kuma ya share su da kansa. Abin da za a iya tonowa daga tsohon faifai bayan mako guda, a SSD yana iya tafiya cikin mintuna.

Sai BitLocker, wanda nake ganin shi ne zai fi ba mutanenmu wahala nan gaba. Sababbin Windows 11 suna kulle faifai da kansu idan aka shiga da asusun Microsoft, sau da yawa mai kwamfuta bai ma sani ba. Taɓa saitin tashi, kamar kashe Secure Boot don ɗora Linux, yana iya sa ta nemi mabuɗi mai lamba 48. Mabuɗin yana cikin asusun da aka fara shiga da shi. To, a nan garin wa ke fara shiga? Sau da yawa yaron shagon da ya ɗora Windows ɗin ne, da imel ɗin da shi kansa ya manta. Ba TestDisk, ba wani injiniya a Wuse ko Ikeja da zai buɗe wannan faifai in babu lambar. Duk mai shirin raba faifai ya fara buga manage-bde -status ya ga ko a kulle yake, in a kulle ne ya nemo lambar ya rubuta ta a takarda.

Gaskiya ma ba kowa ne yake buƙatar raba faifai ba. Wanda darasinsa bai wuce koyon umarnin Linux da rubuta manhaja ba, WSL da ke cikin Windows tun 2016 ya ishe shi, ko VirtualBox in ƙwaƙwalwar kwamfutar ta kai. Wanda laftof ɗinsa ke da gurbin faifai na biyu, ya sayi ƙaramin SSD ya ba Linux ita kaɗai. Malaman da ke cewa ɗalibai "ku je ku ɗora Ubuntu kafin mako mai zuwa" su ma suna da alhaki a wuyansu. Awa ɗaya a aji kan MBR da GPT da yadda ake ajiye kwafi za ta hana asarar da ba a iya ƙirgawa, kuma ya dace masu tsara darussan 3MTT da sassan kimiyyar kwamfuta na jami'o'in Abuja su sa ta a makon farko.

Ga wanda ya riga ya raba, jadawalin nan da ake ta wahala a kansa ana iya adana shi cikin daƙiƙa guda. A Linux, sudo sfdisk -d /dev/sda > rabo.txt zai zuba shi a ɗan fayil ɗin da bai kai girman saƙon waya mai tsawo ba. In faifan NVMe ne, sunansa /dev/nvme0n1. A tura fayil ɗin zuwa imel, a kwafe muhimman takardu zuwa wani wuri dabam, domin jadawali ba ya maye gurbin kwafin fayiloli.

Mai karatu, ranar da kwamfutarka ta nuna maka baƙin allo, kada ka miƙa ta ka juya baya. Tsaya a wurin, ka ce a tayar da ita daga filash a nuna maka yankunan faifan da idonka. In mai gyaran ya ce bai san TestDisk ba, karɓi kayarka cikin mutunci ka nemi wani shagon.